Kaset Ɗin da Kaka Ta Wanke

Jikana yana da wasanni fiye da talatin a cikin waya, amma babu ko ɗaya da zai iya riƙewa a hannu. Mu a zamaninmu wasa kaset ne na roba, kamar rabin sabulun wanki. Sai ka hura masa iska kafin ka cusa shi a na'urar da ke jone da talabijin.

A kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa na Kafanchan, kowane gida kaset ɗaya ko biyu gare shi, don haka aro muke yi. Wanda ya fi kowanne daɗi na abokina ne, ɗan maƙwabcinmu direban jirgi, mutanen Gabas. Ya rubuta sunansa a filasta ya manna a bayansa.

Makon da aka yi wa babansa canjin wurin aiki, ya ara mini shi na kwana uku. A makon ne kuma Kaka ta zo daga Kagoma da buhun citta. Ta ga muna ta hure-hure, ta ɗauka datti ne ya dame mu. Da na dawo daga makaranta na tarar ta wanke kaset ɗin tas da soso da sabulu, ta shanya shi a tabarma cikin cittar da ta yanka.

Na yi kuka har na shiɗe. Ranar Asabar za su tafi, ni kuma ban san da wane ido zan kalle shi ba. Na ce zan ce ya ɓata. Kaka ta ce da yarenmu, ita da ta wanke ita za ta kai.

Ranar Juma'a ta ɗaura zanen zuwa coci, ta riƙe hannuna muka nufi gidan su abokina. Da Hausarta ta kasuwa ta yi wa mamarsa bayani, ita ma ta amsa da tata Hausar, kowacce tana mai da mace namiji a zance, tana sa "ya" a wurin "ta". Abokina ya sa kaset, talabijin ya yi shuuu. Ya cire ya hura, shiru. A karo na uku ya miƙa wa Kaka.

"Mama, ke ki hura."

Ta hura kamar mai tada wuta a murhu. Sai ga kiɗan wasan ya tashi.

Washegari a tasha ya danna mini shi a aljihu. "Yana warin gidanku," in ji shi. "Amma aro ne fa, ba kyauta ba."

Aiki ya kai ni Inugu da Fatakwal, har Akara da Duwala. Na yi cigiyarsa da duk yaren da na iya, ban same shi ba. Kaset ɗin yana cikin akwatina, filastar ta yi baƙi.

Kwanan baya na ce wa jikana ya ara wa yaron maƙwabta wasa ɗaya. Ya ce ba ya aruwa, a kan sunansa aka sauke shi. Yaran layinmu sun daina ƙwanƙwasa ƙofar juna don aro.