Randar Inna a Gidan Tarihi

Ƙarar fensir ce a bayan faranti, kar-kar-kar, ta sa na ɗago kai daga tsintar shinkafa. Autata ce ke aikin makaranta. An kai su sabon ɗakin tarihin nan na garinmu Zuru, inda aka tara kayan dafa burkutu na da, aka ce kowa ya zana abin da ya gani. Na leƙa. Randa ce mai ɓallen baki, an ɗaure wuyanta da waya. Da hannuna na riƙe wa Inna wannan wayar tana murɗawa.

Da burkutu Inna ta raine mu bayan rasuwar Baba. Ni ban taɓa kai shi baki ba, amma shi ya kai ni sakandare. Sai uwar zumuntar mata ta wancan lokacin ta sa aka hana Inna cin Jibin Ubangiji a coci, har sai ta ba da randar a fasa. Inna ta ɗora ta a kai ta kai mata har gida. Bayan haka ma bencin baya ta zauna har ta mutu.

Ashe ba a fasa ba.

Ranar Asabar na ɗaura zanen fita, na kama hannun yarinyar. Ga randar a kan tebur, da kati a jikinta: kyauta daga gidan uwar zumunta, gadon kakanni. Ita kuma ga ta a kujera, ta tsufa, tana yi wa wasu baƙi daga Dirin Daji bayani. Na yi addu'a a hanya Allah ya riƙe mini baki. Ban jira amsa ba.

Na ce, "Mama, tunda gadonku ne, kwana nawa dawa ke yi kafin ta tsiro?"

Ta ce, "To, 'yata, abin ya daɗe."

"A inuwa ake shanya tsiron ko a rana? Sau nawa ake dafawa kafin a tace?"

Baƙin suka juyo. Na faɗa musu komai, daga jiƙa dawa har kumfar da ke tasowa da safe, da yadda mai dafawa ke fara kurɓa a ƙwarya kafin ta miƙa wa kowa. Sannan na faɗi yadda randar ta bar gidanmu, da wadda ta karɓe ta. Sandar tsohuwar ta faɗi. Ni da ke kuka in an yanka kaza, na bar sandar a ƙasa. Allah ya gafarta mini, daɗi na ji.

Na zare katin na yaga shi biyu. Mai kula da ɗakin ya zo da sauri, "Haba Madam!" Tsohuwar ce ta ce masa, ba ta ɗago ba, "Rubuta abin da ta ce."

Ya kawo sabon kati. Na faɗi sunan Inna da ƙarfi, harafi-harafi, na tsaya a kansa har ya gama.

Muna fita yarinyar ta ja mini zane.

"Mama, sunan Kaka ke nan? Ban taɓa jin kin faɗe shi ba."