Kifin Roba da Manemin Autarmu

A gidanmu na Aujara, idan aka zo neman auren ɗiya, ba dattijo ake aikawa bincike ba. Malam, wato mahaifinmu, yakan ce kowa ya iya zama mutumin kirki a gaban furfura. Sai ya tura wanda zai ci tuwo da manemin, ya shiga kasuwa da shi, ya ga yadda yake sayen abu da yadda yake yi wa na ƙasa da shi magana. Da aka zo kan autarmu, wadda ke aikin jinya a Jahun, ni aka tura, don ni ne babban wanta.

Mutumin mazaunin Dutse ne, kuma tun ganin farko raina bai kwanta da shi ba. Farar mota, shadda sai ƙara take, turarensa na riga shi shiga ɗaki. Ka tambaye shi sana'arsa ya ce maka "harkoki", kamar akwai wanda ba ya harka a duniyar nan. Ba a ko sa rana ba ya fara kirana Yaya, yana dafa mini kafaɗa. Hirarsa ɗaya ce tal, kamun kifi. Ba irin na masunta ba, a'a, irin wanda ya gani a waya, na Turawa cikin kwalekwale da hula mai baki. Da na ga nan ce ƙofarsa, sai na ce masa ni ma ina so in koya, amma aljihuna ba shi da ƙarfi, ya raka ni in zaɓi kayan da zan iya.

Kamar na sosa masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ɗauke ni sai kasuwar Dutse, wajen wani mai rumfa da ke sayar da tocila, batir, igiyar shanya da ɗan kayan fatsa a gefe guda. Ni a sanina fatsa ƙugiya ce da zare da tana. Ashe ni baƙauye ne. Ya zaro wata sanda mai shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo, ya kaɗa ta a iska har sai da mai lemo na kusa ya sunkuya. Ya ɗauko wani ɗan inji mai marfin azurfa na naɗe zare, ya juya hannunsa kusa da kunnena don in ji ƙararsa. Da na murza marfin da farce, sai azurfar ta biyo farcen nawa.

Na ce, "Ɗan'uwa, wannan fa fenti ne. Zai yi ƙarko kuwa?"

Ya ce, "Haba Yaya, wa ke maganar ƙarko? Mai koyo abu mai kyan gani yake buƙata. Ka tsaya bakin ruwa da wannan, kowa ya san ba sa'ansa ba ne kai."

Ya juya wajen mai rumfar, ya ce masa shi fa wakilin wata ƙungiya ce ta manyan ma'aikata, duk za su zo su sayi irin wannan, don haka a yi masa ragi na gaske. Bawan Allah ya washe baki, ya rage, har da ƙarin ƙugiya kyauta. Da muka ɗan matsa na tambaye shi su wane ne 'yan ƙungiyar. Ya tuntsire da dariya ya ce, "Ni da kai mana."

Abin da ya fi alfahari da shi cikin sayayyar wani ɗan kifin roba ne, bai wuce tsawon yatsa ba, kore da ruwan zinariya, da jan ido. Na karɓa na matsa shi, sai ya lotsa, iska ce kawai a ciki, ga ƙugiyoyi masu baki uku-uku suna reto a ƙarƙashin cikinsa. Ya ce wannan shi ne arha na gaskiya, saye ɗaya ka huta, babu tonon tana, babu ɓata hannu. Kifi ido yake bi. Shi ya saye wa kansa waɗannan, ni dai na sayi ƙugiya da zaren nailan da 'yar darmar nutsar da ƙugiya, na ce sanda zan yanko gora a hanya. Ya dube ni kamar wanda ya zo ɗaurin aure da silifas na wanka.

Ranar Asabar da safe muka tafi dam ɗin Warwade. Ba zan yi wa kaina ado ba, ban kama ko ɗan tsako ba. Na zauna da gorata har rana ta take, ƙananan karfasa suna cinye mini tana suna barin ƙugiya tsirara. Shi kuwa, bayan ya gama sa ni ɗaukarsa hoto ta gaba da ta gefe, sai ya shiga wurga robarsa yana janyowa a hankali, tana wutsil-wutsil a ruwa kamar mai rai. Can sai sandar ta lanƙwashe. Ya yi ihu, ya naɗe, ya fito da ɗan giwan ruwa mai kyau, yana ta fisge-fisge.

Ba kamun ne ya dame ni ba, rabonsa ne. Abin da ya biyo baya ne har yau ban manta ba. Ya ɗaga kifin daidai fuskarsa, ƙugiya na maƙale a bakin kifin, ya ce masa, "Wawa! Ka ɗauka abinci ne ko?" Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya juyo gare ni ya ce, "Ka gani, Yaya? Kai kana ciyar da su, ni ko ƙwayar gero ban ba shi ba, ga shi a hannuna." A nan na tsane shi, tsana ta gaske, irin wadda ba ta buƙatar ƙarin hujja.

Da na koma gida, bayan la'asar, na sami Malam a zaure tare da gwaggonmu, ƙanwarsa, wadda tun da ta ga farar motar nan ta gama yanke hukunci. Na faɗi duk abin da na gani, daga fentin injin har dariyar. Gwaggo ta tafa hannu.

Ta ce, "Oh ni! Ɗan nan, an aike ka binciken mutum, ka dawo mana da labarin kifi? Yana sallah? Yana shaye-shaye? Wannan ake tambaya. Ko dai haushi kake ji don shi ya kama kai ba ka kama ba?"

Na ce yana sallah, ban kuma ga yana shan komai ba. Gaskiya ce, dole in faɗa.

Malam ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce malaman zamanin da sukan ba da labarin wani mai neman ilimi da ya yi doguwar tafiya zuwa wajen wani mutum. Ya iske shi dabbarsa ta kufce, yana kiranta da ƙwarya wadda babu komai a ciki. Sai mai neman ilimin ya juya bai ɗauki karatun ba, ya ce wanda ya yi wa dabba ƙarya zai yi wa mutum. Amma Malam ya ƙara da cewa kifin da aka kama da roba halal ne, kuma shi ba zai hana 'yarsa wanda take so saboda kifi ba. Ya sa aka kira ta, ya ce in maimaita a gabanta, na maimaita.

Kanta a sunkuye ta ce, "Malam, Yaya dama can ba ya son sa."

Shi ke nan, wanda bai ji bari ba ya ji hoho, na faɗa a raina, amma ban ji daɗin faɗar ba, don ni na goya yarinyar nan.

Lefe ya zo akwati bisa akwati, matan unguwa suka yi ta shiga suna fita suna santi. Leshi, atamfa 'yar Holan, sarƙar gwal a ɗan akwatinta ja. Gwaggo ta aiko a kira ni musamman in zo in ga abin da mai kifin roba ya yi. Na ƙi zuwa. Aka sha biki, aka kai amarya Dutse.

Ba a rufa wata ba 'yan'uwan ango mata suka je gidan da sallama da fara'a, suka kwashe akwatunan, suka bar mata ɗaya da 'yan atamfofi masu zuba. Ashe aro ne, daga sarƙar har leshin, na matar wansa ne da na wata maƙwabciya. Motar ma ta koma wajen mai ita. Ba daga bakin ƙanwata muka ji ba, ita ta rufe wa mijinta asiri kamar yadda aka koya mata. Gwaggo ce ta jiyo, ta zo tana salati tana cewa ita dama jikinta ya ba ta.

Da sallah ƙanwar tawa ta zo gida. Ta rame, kuma kayan da ke jikinta na san su tun tana budurwa. Ta same ni a bayan gida ina ba akuya dusa, ta tsaya kusa da ni ta gaishe ni, har na ɗauka gaisuwa ce kawai ta kawo ta. Sai ta ce, "Yaya, kifin nan na roba da ka ce ka matsa. Da gaske babu komai a cikinsa?"

Na ce, "Babu, auta. Sai ƙugiya."

Ta gyaɗa kai, ta karɓi kwanon dusar daga hannuna, ta ƙarasa zuba wa akuyar.