Hannun da Baba Ya Sauke

A shekarun mulkin soja, lokacin da takin zamani ya zama sai wane da wane, kowa a ƙauyenmu zagin gwamnati yake. A gindin tsamiya ake yi bayan la'asar, har da masu kwaikwayon tafiyar kantoma, a yi ta ƙyaƙyata dariya. Ba a taɓa kama kowa ba. Ni ma lokacin ina koyarwa a firamare a Gezawa, albashi sai an ga dama, kuma ba a bar ni a baya ba.

Baba ba ya zuwa gindin tsamiya. Malamin allo ne, manomi, ba shi da yawan magana. Wata Juma'a, da liman ya zo inda ake roƙon Allah ya ja zamanin shugabanni, sai Baba ya sauke hannunsa ya ɗora a gwiwa. A sahun gaba yake, kowa ya gani. Juma'ar da ta biyo ma haka ya yi.

Dagaci ya aika aka kira shi, na raka shi.

"Malam, ƙorafi daban, tunzura jama'a daban," in ji dagaci. "Magana ta kai kunnen kantoma. Ya ce wannan bore ne."

"Ranka ya daɗe, ban ce kowa ya bi ni ba," in ji Baba. "In an roƙa musu shiriya ina cewa amin. Daɗewarsu ce ba na so, kuma ba zan yi wa Allah ƙarya ba."

Ba a kama shi ba. Takin unguwarmu aka riƙe, ga damina ta kankama. Gonakinmu kuwa ba a barin su su huta, in babu taki babu amfani. Ganyen dawa ya fara yin rawaya.

Sai ga jaruman gindin tsamiya a zaurenmu, sun tuɓe takalma, suna sunkuyar da kai. "Malam, a dubi yara. Amin ce fa kawai." Baba ya saurare su har suka gama, ya ce, "To."

Ranar Juma'a masallaci ya cika maƙil. Liman ya zo wurin addu'ar shugabanni, Baba ya ɗaga hannu ya ce amin da ƙarfi. Kowa ya yi tsit don ya ji ko zai faɗa, saboda haka muryarsa kaɗai aka ji. Ina gefensa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kunyar kaina da ta duk wanda ke cikin masallacin. Na kasa duban fuskarsa har muka isa gida.

Taki ya zo, dawa ta yi kyau, duk mun ci. Baba bai ƙara zama a sahun gaba ba har ya bar duniya.

Da la'asar ɗin Juma'ar da Baba ya ce amin aka koma gindin tsamiya, aka ɗora zagin gwamnati daga inda aka tsaya.