Miya Ba Gishiri

Ɗana na biyu zabiya ne, kuma duk wasannin duniya bai ga wanda ya yi masa ba sai ƙwallon ƙafa, wadda ake bugawa a fili fetal da tsakar rana. Da jami'a ta ɗauke shi cikin 'yan wasanta, gidanmu na Upper Marlboro, a nan ƙasar Turawa, ya cika da 'yan barka. Ni kuwa sai na tuna gida. Yayana ma zabiya ne, manomi a can garinmu. Wani ɗan miki ya fito masa a wuya, ya yi ta ci har ya kai shi kabari.

Inna, mahaifiyata, tana zaune tare da mu, kuma har gobe ta yarda gishiri ne ya kashe ɗanta. A garinmu haka ake cewa, wai gishiri ke ɓata fatar zabiya. Ni nas ce. Na yi bayani har bakina ya gaji, na ce rana ce ke ƙona fatar, ƙunar ta taru ta zama ciwon daji. Inna takan saurare ni tsaf, sannan ta tashi ta ɗora wa jikanta tukunyarsa daban, miya lami.

Shi kuma gogan ya samu mafaka. In na miƙa masa man kariyar rana da hula mai faɗin baki, sai ya amsa min da Turanci yana dariya, wai ai Inna ta gama masa magani. Inna ta ce, "Ƙyale min maigidana, ke dai kin cika mita."

Wata Asabar na je kallon atisayensu. Ana tashi, abokansa fararen fata suka tuɓe riguna suka baje a ciyawa, wai suna so fatarsu ta yi duhu. Ina dubawa sai ga nawa a tsakiyarsu, bayansa ja wur. A mota na ce, "Su duhu suke nema. Kai me kake nema?" Ya ce ya gaji da zama daban.

Da ya zo hutu na ga ɓawon miki a saman kunnensa. Ya ce kai suka haɗa da wani. Hutu ya ƙare bai warke ba, na ja shi wajen likitar fata. Ta yanke wurin, aka gwada, ta ce ciwon daji ne, irin na yayana, amma an tare shi da wuri, kuma zai iya dawowa.

A gida na faɗa wa Inna, ina jira ta ce ta gane. Ta daɗe tana kallon bandejin, hawaye na zuba. Can ta ce, "Abincin makarantar nan ne. Sun ba shi gishiri."

Da kunnen ya warke na mayar da shi makaranta da kaina. Ya rantse min zai riƙa shafa man, ya sa hular a gabana. Sai da na iso gida, na buɗe ƙofar baya ta mota zan ɗauki jakata, na ga hular a kan kujera. Kular miyar da Inna ta zuba masa kuwa ya tafi da ita.