Farar Masarar Iya

Tun farko ina neman afuwa, domin abin da zan faɗa ya kusa shekara talatin da faruwa, kuma ƙwaƙwalwar yaro takan ƙara gishiri a wani wurin, ta rage a wani. Abin da na tabbatar shi ne ranar Asabar ce, a farkon kaka, shekarar da nake aji uku na firamare, a ƙauyenmu da ke kusa da Ƙarfi a ƙasar Malumfashi. Ruwa ya ɗauke na 'yan kwanaki, rana ta fito fes, tsakar gidanmu ta cika da shanyar barkono da yankakkiyar kuɓewa. Ina tsugune gaban garwashi ina juya masara, ƙanwata Rifkatu mai shekara biyar tana yi wa wutar fifita da faifai, 'ya'yan baffana biyu da suka zo mana daga Funtuwa suna zaune a kan turmi suna jira. Ji nake kamar ni ne mai gidan. Masarar da nake gasawa kuwa ita ce dukan irin da kakata ta keɓe don shukar baɗi, ni ban sani ba.

Duk shekara ba mu da lokacin da ya kai wannan daɗi. Yunwar tsakiyar damina ta wuce, ko'ina ka juya akwai abin taunawa. Da mun taso daga makaranta sai mu jefar da jaka mu bi manya gona, mu yi roron gyaɗar da ta maƙale a ƙasa bayan an cire, mu karyo takanɗa muna sha har leɓunanmu su tsattsage. Da yamma mahaifiyarmu takan dafa ɗanyar gyaɗa da gurjiya a tukunya ɗaya ta juye a faranti, mu kewaye shi, mahaifinmu yana gefe yana liƙe tsagar rumbu da laka. Ni na ƙware a ƙera motar kara, har da ƙofa mai buɗewa, ko da yake wataƙila ina yabon kaina fiye da kima. Rifkatu kuma ba ta da aiki sai goyon masara: ta samu guda mai dogon gashi, ta yi mata kitso, ta ɗaure ta a baya da ɗankwali tana jijjigawa.

Kakarmu, wadda muke kira Iya, tana da ɗan fili a bayan ɗakinta, bai fi kunya goma ba. A nan take shuka wata masara da ba ta yarda ta kusanci ta gona. Fara ce, gajeriya, mai jan totuwa, kuma tana riga kowace masara nuna, don haka ita ke fitar da mu daga yunwa tun dawa ba ta yi kai ba. Iya ta ce daga gidan mahaifinta ta zo da ita, shi ma a hannun tasa uwar ya same ta. Ita kaɗai ke shiga filin ta karyo mana. Abin da ban lura ba shi ne, tun masarar tana ɗanya takan zagaya ta zaɓi waɗanda suka fi cika, ta ɗaura wa karansu tsumma. Waɗannan ba a taɓa su sai sun bushe a tsaye, sannan ta rataye su a madafi saitin murhu, hayaƙi ya tsare su daga ƙwari har damina ta zagayo.

A ranar Iya ta tafi barka wani ƙauye, iyayenmu suna gona wajen cirar gyaɗa. Baƙinmu na Funtuwa suka fara yi mana gori, wai mu 'yan ƙauye ba mu da komai sai tuwo. Abin ya ci mini rai. Na zagaya bayan ɗakin Iya, na tarar an riga an cinye kusan komai, sai karare tsirara, amma nan da can akwai masu goyo, kowanne da tsumma a wuyansa. Sai na yi tunani, irin na yaro, cewa Iya ta sa alamar ne don kada mu sha wahalar neman waɗanda suka rage. Har yaba mata na yi a raina. Kuma da yake tun ina ƙarami ba na son a ce na yi aiki rabi, sai na bi kunya-kunya na karye su tas, na sake komawa na duba ko na tsallake wani. Guda ɗaya kawai ta tsira daga wuta, wadda Rifkatu ta ƙwace ta goya.

La'asar sakaliya Iya ta dawo. Ta tsaya a bakin murhun, ta sunkuya ta ɗauki totuwa ɗaya daga cikin toka, ta hure ta, ta ga ja. Sai ta zagaya bayan ɗakinta. Da ta fito sai ta nemi kujera ta zauna, abin da ba ta saba yi da rana ba. Sannan ta dube ni da sunan wasan da take kirana da shi ta ce, "Maigida, ka iya karɓar baƙi. To baɗi kuma sai mu shuka totuwa?" A nan na gane abin da na yi. Rifkatu ta kwance goyonta ta miƙa mata tana kuka. Iya ta danna farce a ƙwaya ɗaya, farin ruwa ya fito, ta ce, "Wannan 'yar taki nono ne a cikinta tukuna, mayar da ita baya." Da mahaifinmu ya dawo ya ji, ya zaro tsumagiya daga jikin darni, amma Iya ta ɗaga masa hannu. "Ajiye ta, Yakubu. Bulala ba ta tsiro."

Washegari bayan mun taso daga coci ta ce in ɗauko mata sandarta, ni zan raka ta. A hanya ta bayyana mini cewa irin gida ba a sayensa, ba a kuma hana wanda ya roƙa, kuma ita ta taɓa ba wasu mata biyu irin nata. Ko al'adar yankin ce duka, ko ta su Iya ce kaɗai, wannan ban iya rantsewa ba. Muka fara da maƙwabciyarmu Mama Lami. Ta kawo tata da murna, amma da Iya ta ɓare sai ga ƙwayoyin rabi fari rabi rawaya, domin a gefen masarar gona ta shuka ta. Iya ta mayar mata cikin ladabi, muka fito. Saura mutum ɗaya, kuma Iya da kanta ta ce shekara biyar rabonta da jin ko matar tana shukawa.

Inna Haule ce matar, ƙawar Iya tun suna 'yan mata, Musulma, tana aure a wani ƙauye da ke hayin rafi. Mun yi tafiya mai tsawo ta cikin gonakin auduga da dawa, Iya tana tsayawa tana hutawa a gindin kowace ɗorawa. Muka tarar da ita ta idar da sallar azahar tana naɗe tabarma. Bayan doguwar gaisuwa Iya ta nuna ni ta ce, "Haule, ga mijin nawa nan, ya cinye mini gado a zama ɗaya." Inna Haule ta yi dariya har da tafa hannu. "Saratu, ai ke kika zaɓo miji mai ciki! Kai ɗan nan, ko gishiri ka sa?" Sannan ta ja mu bayan ɗakinta, kuma ga su nan a tsaye, gajeru, wasu da igiyar kaba a wuya. Iya ta buɗe bawon ɗaya kaɗan, ta tona da farce har ta ga jan totuwa, ta rufe shi a hankali. Ta yage bakin tsohon zanen da ta yafa, suka bi kararen tare suna ɗaura tsumma a kan rabinsu. Ban ji Iya ta yi godiya ba, ban kuma ga Inna Haule ta jira godiyar ba. Abin da kawai Iya ta faɗa mini a hanyar dawowa shi ne, "Wanda na ajiye ka cinye, wanda na bayar shi ne ya jira ni."

Bayan mako uku aka aike ni na karɓo, Inna Haule tana bina har ƙofar gida tana cewa kada in hura wuta a hanya. Daga shekarar Iya ta riƙa shiga filin da ni, tana nuna mini yadda ake gane wadda ta cika har baki. Sai dai karatu ya ɗauke ni, daga makarantar kwana zuwa jami'a, Iya ta rasu ina can, aka gina ɗaki a filin. Da na dawo na tambayi irin, kowa ya ce ya ɗauka wani ne ya ajiye. Yanzu ina aiki a Funtuwa, nakan sayi iri a leda, rinanne da jan magani, yana kuma ba da amfani sosai, ba zan raina shi ba. 'Ya'yana suna son gasasshiyar masara kamar yadda muka so, amma a bakin titi nake saya musu. Ɓatan farko na ƙuruciya ne, na biyun kuwa ina ganin ba ni da wanda zan ɗora wa sai kaina.

Mai yiwuwa na rikita wasu abubuwa, musamman shekarun da sunan ƙauyukan da na ƙi ambata don ban tabbatar ba. Duk wanda ya san su Iya Saratu da Inna Haule, ko ya ga abin ba haka ya faru ba, ina roƙo ya gyara mini. In kuma akwai wanda har yanzu farar masarar nan take rataye a madafinsa, guda biyu sun ishe ni.