Wejin Baba Tirela

Kawuna direba ne. Shekara ashirin da shida ya yi yana jan tirela, kusan duk tafiyar dare, shi ya sa har yau a layinmu Baba Tirela ake kiransa. Da gwiwa ta fara damunsa, sai ya ajiye babbar mota ya karɓi bas ɗin wata makarantar firamare. Kujera sha takwas ce, yara ashirin da ɗaya. Na ƙirga su ta taga.

Aikin ya yi masa ta ko'ina, ban da wuri ɗaya. Aikin safe ne, shi kuwa jikinsa bai taɓa sanin dare lokacin barci ne ba.

A gidansa nake zaune tun da na samu aikin sito a wani kanti, kuma bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa. Ina jin komai. Gado ya yi ƙara, a ja takalmi, a buɗe ƙofa, famfo ya zuba, a dawo, gado ya sake ƙara. Da safe ya fito ido jajur yana neman mukullin da ke hannunsa.

Wata Talata danja ta tsayar da shi, yara cike da mota, gyangyaɗi ya sace shi a kan sitiyari. Hon ɗin motocin baya ne ya tashe shi. Wata yarinya ta faɗa wa mamarta, mamar ta faɗa wa shugabar makaranta.

"Baba, ina ganin girmanka," in ji shugabar, kamar yadda ya maimaita mana yana kallon ƙasa. "Amma 'ya'yan mutane ne. Zan sa malama ta riƙa bin motar har ƙarshen zango. In ta ga ko lumshe ido ka yi, ka kawo min mukulli."

Ba kora ce ta fi tayar masa da hankali ba. Cewa ya yi, a duk shekarunsa a hanya ko akuya bai taɓa bugewa ba, yanzu da furfura zai zo ya yi barci da yara a baya.

Ni ba na iya zama ina kallon matsala. Washegari na hana shi shayi daga la'asar. Na sa labule mai kauri. Na fitar da rediyo. Tsohuwar fankarsa mai ƙara kamar janareta na kai ta ɗakin shirgi, na kawo tawa mai shiru. Na tsayar masa da lokacin kwanciya ɗaya, ba gaba ba baya.

Abin sai ya ƙara lalacewa. Da yana juyi a gado, yanzu tsakar gida yake zagayawa kamar mai gadi.

"'Yar nan, me na yi miki?" ya tambaye ni da safe. "Duhu, shiru, ba motsi. Ai wannan mota ce ta mutu min a daji. Wa kika taɓa gani ya yi barci motarsa ta mutu a daji?"

"Kawu, haka ake yi."

"Su wa ke yi?"

Inna, matarsa, tana goge kofuna ta ce, "Rabu da shi. Mutumin da ke cewa ba ya barci, ki zo ki gan shi da azahar."

Ranar hutuna na tsaya na gani. Ya dawo daga sauke yara, ya faka bas a gindin bishiyar ƙofar gida, ya ja birkin hannu. Ya sauko da guntun ƙarfe ya zagaya motar yana bugun tayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana saurare. Daga nan ya ciro weji, wani katako da ya yi baƙi don tsufa wanda ya taho da shi tun daga tirela, ya cusa ƙarƙashin tayar baya, ya taka shi da dunduniya. Wurin shimfiɗe yake kamar tabarma, ko ƙwallo ba za ta gangara ba. Ya wanke hannu da ƙafa, ya miƙe a kujerar baya. Kafin in tsallaka kwata minshari ya tashi.

"Kin gani?" in ji Inna. "Tun aurenmu haka yake. In bai sa weji ba, a ransa motar tafiya take."

Nan take na ga inda barcin ke zurarewa. Yana nan, ba gudu ya yi ba, sai dai da rana yake cinye shi. Da ya farka na je na zare wejin, na miƙa wa Inna, ta jefa shi bayan buhun gawayi.

"Ina wejina?"

"Sai bayan isha, Kawu."

"Mota za ta wuni ba weji?"

"Akwai birki. Kuma ina za ta je, kasuwa?" in ji Inna.

Kwanakin farko sun yi wuya. Da azahar zai kwanta a kujerar baya, ya tashi, ya leƙa taya, ya koma, ya sake tashi. Ya yi fushi da ni, ya daina amsa gaisuwata sai da ka. Ni ma hankalina bai kwanta ba, don kullum da safe ina kallon malamar nan tana hawa gaba, ta ɗora jaka a cinya, ta zuba masa ido.

Amma bayan isha Inna za ta miƙa masa wejin kamar mai ba da kyauta. Ya fita da tocila, ya bi tayoyi huɗu, ya cusa katako, ya taka, ya wanke ƙafa. Na dawo masa da tsohuwar fanka, na ɗan zuge labule don fitilar titi ta shigo. Shayin dai ban saki ba. A makon farko dare biyu kawai ya samu barci. A na uku ya samu biyar.

Ba a ce ya warke ba. Har yanzu akwai daren da nake jin famfo, kuma da kansa ya ce wa shugabar duk ranar da bai runtsa ba zai faɗa, a nemo wani ya ja motar. Sau ɗaya ya yi hakan.

Ranar da aka rufe zango ya shigo gida. Ya rataye mukullin bas a ƙusar da ya saba, ya zauna yana murza gwiwa.

"Me shugabar ta ce?" na tambaya.

"Ta ce a canza tayar gaba kafin a dawo hutu."

Inna ta leƙo daga kicin, hannunta baƙi da gawayi. "To in ba ka abinka yanzu, tunda an yi hutu?"

Ya kalli bishiya, ya kalli bas, ya yi hamma mai tsawo.

"Bar shi a wajenki," ya ce. "Sai bayan isha."