Kwalbar Fuka da Cirar Gyaɗa a Utai

Ina jin a ƙarshen shekarun 1950 ne, ko da yake ba zan rantse a kan shekarar ba, mahaifina ya dawo daga Kano da wata 'yar kwalba naɗe a cikin auduga. Bakinta kamar na buta, a gindinta kuma roba irin ta hon ɗin keke. In aka matsa robar sai magani ya fito siriri kamar tururi. Likita ne ya ba shi saboda fukar da nake fama da ita tun ina rarrafe.

Ya kafa sharaɗi: ba zan bi Kaka cirar gyaɗa a Utai ba sai na iya shaƙar maganin da kaina. Kullum ana tafiya a bar ni a Wudil, yara su dawo suna ba ni labarin gyaɗar da suka gasa a bakin gona.

Matsalar ita ce ni ɗan fari ne. Baba ba ya kama sunana, ba ya haɗa ido da ni, balle ya zauna ya koya mini abu. Inna ma haka. Sai ya tsaya yana kallon rumbu, ya ce wa mahaifiyarsa, "A nuna wa yaron nan," ya ja kekensa ya tafi ofis.

Kaka sirace ta sani. Ta lulluɓe ni da bargo, ta zura kwalbar ta ƙasa tana matsawa. In ban manta ba, gwiwoyina ne suka sha maganin ranar. Da Baba ya ji ƙirjina bai daina fito ba, sai ya sake yi wa rumbu bayani cewa a baki ake sa ta. Aka sa mini a baki, ni kuwa da an matsa sai in hura. Ba taurin kai ba ne, a ganina. Duk abin da ya taɓa zuwa bakina da tururi, hura shi aka koya mini.

"Kai, mijin nan nawa!" in ji Kaka. "Wuta na ce ka hura mini? Da na sani da ban aure ka ba."

"To ke gwada mana, tsohuwa."

Ta gwada. Ta ƙware, ta yi ta tari har ɗankwalinta ya faɗi, Inna na dariya a madafa. Da ta huce sai ta harare ni.

"Ashe zuƙa ce. Kai da kake zuƙar kunu a ludayi har a jiyo ka daga zaure in ubanka ba ya nan? Yi irin wannan rashin kunyar. Sannan ka riƙe numfashi, kamar yadda aka ce mini kana nitso a kogi."

Ban san ta san maganar kogin ba. Na matsa, na zuƙa, na riƙe. Ɗaci ya sauka can ciki, ƙirjina ya saki a hankali. Ban karanci likitanci ba, kuma ba na so a ɗauki wannan a matsayin shawara, amma har yau in na ga yaro da irin kwalbar ta zamani sai in tsaya in duba ko hurawa yake.

A gaban Baba kam na kasa, kunya ta hana ni buɗe baki. Kaka ta kore shi bayan zana. Na zuƙa da ƙarfi don ya ji. Sai ya yi gyaran murya.

"A haɗa wa yaron nan kayansa. A naɗe kwalbar da kyau, jaki ba mota ba ne."